Motar Da Ba Ta Barin Ɗaki: Kimiyyar Da Ke Cikin Sitiyarin Wasan Tsere

A watan Maris na shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe filayen wasanni a sassan duniya, sai aka shirya wa direbobin gasar NASCAR ta Amurka tsere ta kwamfuta, kowa yana tuƙi daga gidansa, ana nunawa a talabijin. Wanda ya lashe tseren farko, Denny Hamlin, ya yi tuƙinsa ne cikin wani mazauni na musamman da aka ƙiyasta kuɗinsa ya kai dala 40,000. Mako guda bayan haka, ranar 29 ga Maris, sai wani direba mai suna Timmy Hill ya zo na ɗaya da wani tsohon sitiyari na kimanin dala 300, wanda ya ɗaura a bakin tebur, ya kuma shafe wajen shekara 12 yana amfani da shi. Mutane fiye da miliyan ɗaya ne suka kalli wannan tsere. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Wannan labari ya jawo tambaya. Mene ne kuɗin nan masu yawa suke saya wa mai wasa, kuma mene ne ba su iya saya masa? Amsar tana cikin darussan da ɗalibin sakandare yake karantawa a aji, wato fiziks da lissafi da ilmin halittu. Duk wani mazaunin tuƙi na gida, mai araha ko mai tsada, aiki ɗaya yake ƙoƙarin yi: ya shawo kan hannu da ƙafa da ido da kunne su yarda cewa ana tafiya, alhali kuwa ko taku ɗaya ba a yi ba.

Daga jirgin sama zuwa ɗakin kwana

Dabarar koyon tuƙi ba tare da an motsa ba ta girmi kwamfuta. A 1929 wani Ba'amurke, Edwin Link, ya ƙera wani akwati mai kama da gurbin matuƙin jirgin sama, ya ɗora shi a kan zuga-zugan iska irin waɗanda ake amfani da su a masana'antar kayan kiɗa ta mahaifinsa. Akwatin yana karkata yana juyawa gwargwadon yadda ɗalibi ya sarrafa shi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an ƙera irinsa fiye da 10,000 don horar da matuƙa.

Wasan mota ya biyo baya. A 1974 kamfanin Atari ya fitar da Gran Trak 10, wata na'ura da ake jefa wa sulalla a gidajen wasa, mai sitiyari da giya da totur da birki. Amma sitiyarinta sakayau yake, ba ya gaya wa hannu komai. A 1989 kamfanin ya fitar da Hard Drivin', wadda aka sa wa kuloci da makullin tayar da mota, da kuma injin lantarki da ke turje wa hannun mai wasa. Zuwa 1998 kamfanonin Microsoft da Logitech sun riga sun kawo irin wannan sitiyari mai turjiya cikin gidajen mutane. A 2006 Logitech ya fitar da G25, mai juyawa digiri 900, wato zagaye biyu da rabi kamar na motar gaske, da matakai uku na ƙafa da giya shida. Tun daga nan harkar ta tashi daga wasan yara ta zama sha'awar manya.

Yadda kwamfuta ke sanin abin da hannu ya yi

Mataki na farko shi ne awo. Tsofaffin sitiyarai suna amfani da irin abin da ke bayan maɓallin ƙara sautin rediyo: wani ɗan harshe na ƙarfe yana zamewa a kan zoben da ke turje wa wutar lantarki, ƙarfin wutar da ke fita yana sauyawa gwargwadon inda harshen ya tsaya. Aibinsa shi ne gogayya da ƙura suna cinye shi, sai ya fara ba da awon ƙarya. Saboda haka aka koma ga wasu hanyoyi biyu. Ta farko, faifai ne mai tsaga-tsaga da ke juyawa tsakanin 'yar fitila da idon lantarki, ana ƙirga sau nawa haske ya ɗauke ya dawo. Ta biyu kuwa maganaɗisu ne da ke juyawa kusa da wani ɗan ƙanƙanin ma'auni ba tare da sun taɓa juna ba, bisa wata ƙa'ida da Edwin Hall ya gano a 1879. Abin da ba ya gogayya ba ya saurin lalacewa.

Da zarar kwamfuta ta karɓi awon, sai ta lissafa abin da zai faru ga motar: nauyin da ke kan kowace taya, saurinta, zafinta, da irin ƙasar da take takawa. Tana maimaita wannan lissafi sau ɗaruruwa a kowane sakan. Hatta hanyar ma ba zanen son rai ba ce. Masu shirya iRacing, wanda aka buɗe wa jama'a a 2008, sukan je filayen tsere na gaske su auna kwalta da hasken lesa, har kowane ɗan tudu da rami ya fito a inda yake.

Martanin sitiyari

A nan ne zuciyar al'amarin take. Gurbin da tayar mota ke taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba, kuma ta waɗannan gurabe huɗu ne duk wani juyi da birki ke bi. Mai karatu ya duba ƙananan tayoyin kujerar ofis. Ko ta ina aka tura kujerar, sai tayar ta juya ta bi bayan ƙusar da ta riƙe ta. Tayoyin gaban mota ma haka aka tsara su. Bugu da ƙari, idan mota ta shiga kwana robar tayar takan murɗe, ƙarfin da hanya ke tura ta da shi sai ya taru a ɗan bayan tsakiyar gurbin nan. Waɗannan abubuwa biyu su ne ke sa sitiyari ya yi nauyi a kwana, ya kuma nemi komawa daidai da kansa idan an sake shi.

To, idan direba ya matsa wa tayar har ta kusa ƙarshen riƙonta, ɓangaren baya na gurbin yakan fara sulɓewa, wurin da ƙarfin ya taru ya matso gaba, sai sitiyari ya yi sauƙi a hannu tun motar ba ta kauce ba. Wannan gargaɗi ne. Haka kuma idan bayan mota ya fara zamewa, tayoyin gaba sukan juya da kansu su fuskanci inda motar ta nufa, direba ya ji sitiyari yana jan hannunsa. Hausawa kan ce gani ya kori ji, amma a bakin kwana ji ne ke riga gani. Aikin injin lantarkin da ke cikin sitiyarin wasa shi ne ya isar da wannan saƙo da kwamfuta ta lissafa zuwa ga tafin hannu.

Ana auna ƙarfin murɗawa da niyuton-mita, wato ƙarfin turawa a ninka da nisansa daga tsakiyar abin da ke juyawa. Ƙaramin sitiyari na kasuwa yana ba da kimanin niyuton-mita 2. Idan faɗinsa santimita 28 ne, nisan baki daga tsakiya mita 0.14 ke nan. A raba 2 da 0.14, za a sami niyuton 14, kwatankwacin nauyin kilo ɗaya da rabi. Manyan injuna irin su Simucube 2 Pro suna kai niyuton-mita 25. A kan sitiyari mai faɗin santimita 30, wannan ya kai niyuton 167, wato kamar mutum ya riƙe kilo 17 da ke fizge-fizge. Shi ya sa ake haɗa wa irin waɗannan injuna jan maɓalli na tsayarwar gaggawa, domin idan motar wasa ta daki bango, sitiyari na iya gurɗa wuyan hannu na gaske.

Hanyoyi uku ake bi wajen haɗa inji da sitiyari. Akwai mai haƙoran giya, wanda ya fi araha, sai dai yana ƙara, kuma ɗan ratar da ke tsakanin haƙora yana haɗiye ƙananan saƙonni. Akwai mai bel, wanda ya fi santsi, amma roba tana miƙewa ta tausasa saƙon. Sai kuma wanda aka ɗaura sitiyarin kai tsaye a kan sandar babban inji, babu giya babu bel. Wannan na uku da can sai masu hali, har zuwa 2021 da kamfanin Fanatec na Jamus ya fitar da CSL DD mai niyuton-mita 5, wasu kamfanoni suka bi sahu, farashi ya sauko.

Me zai sa mutum ya sayi inji mai 25 alhali ba zai yi tuƙi da rabin haka ba? Dalilin ya yi kama da na rediyo. Idan aka ƙure ƙaramar rediyo, sai sautuka su cakuɗe, ba a bambanta kalangu da murya. Haka ƙaramin inji yake: idan ya kai iyakarsa a tsakiyar kwana, duk abin da ya faru ga tayar bayan nan ba zai iya faɗa ba. Babban inji yana da sauran wuri. Abin da kuɗi ke saya ke nan, wato tsabtar saƙo. Fahimtar saƙon kuwa sai yau da gobe.

Birki ya fi sitiyari

Masu dogon zama a wannan harka sukan ba sabon shiga shawarar ya fara gyara birki kafin sitiyari. A motar gaske, birki yana aiki ne da mai da ke cikin bututu. Ruwa ba ya matsuwa, kuma kamar yadda Blaise Pascal ya nuna a ƙarni na 17, matsin da aka yi masa a wuri ɗaya yana isa ko'ina cikin bututun. Saboda haka da zarar birki ya kama, matakin yakan yi tauri, abin da ke ƙara tsayar da mota shi ne ƙarfin dannawa. Direban Formula 1 yakan danna da ƙarfin da ya haura kilo 100.

Matakin wasa mai araha kuwa nisan da ƙafa ta tafi yake aunawa, da sifirin a bayansa. Mai tsada yana da ma'aunin matsi: wani guntun ƙarfe ne da aka manna wa siririyar waya mai lanƙwashe-lanƙwashe. Idan aka danna, ƙarfen yana tanƙwarewa kaɗan yadda ido ba ya gani, wayar ta miƙe, turjiyarta ga wuta ta ƙaru, a mayar da wannan ƙari zuwa lamba. Irin wannan ma'auni ne ke cikin sikelin lantarki na kasuwa. Amfaninsa shi ne direbobi sun daɗe da lura cewa ƙafa ta fi iya maimaita ƙarfi iri ɗaya fiye da maimaita nisa iri ɗaya. A tsere kuwa, wanda ya taka birki daidai wa daida sau hamsin a jere ya fi wanda ya burge sau ɗaya.

Amma da an sami birki mai tauri sai wata matsala ta ɓullo. Dokar Newton ta uku ta ce duk abin da aka tura, shi ma yana turowa da ƙarfi daidai da haka. Wanda ya zauna a kujera mai taya ya danna kilo 50, to baya zai yi, ko kuma matakin ya gudu gaba. Tebur kuma yakan girgiza ya shanye martanin sitiyari. Wannan shi ne asalin firam ɗin da ake ginawa: sitiyari da matakai da kujera duk a ɗaure su a jiki ɗaya, yadda ƙarfin zai zagaya cikin firam ya kashe kansa. Masu hali suna amfani da sandunan alminiyom masu tsaga da ake ɗaurewa da noti. Wasu kuwa katako mai kauri suke yankawa, ko su kai bututun ƙarfe wurin mai walda, su nemo tsohuwar kujerar mota wurin masu sayar da kayan gyara. Muddin bai lanƙwashe ba, ya yi aikinsa.

Ido da lissafin kusurwa

Allo taga ce, kuma dole abin da ake gani ta cikinta ya dace da girmanta. Idan faɗin allo santimita 60 ne, mai wasa kuma yana zaune santimita 60 daga gare shi, ɗalibin da ya san lissafin kusurwoyi zai gano cewa tagar ta ɗauki digiri 53 ne kawai, alhali idanun mutum biyu suna ɗaukar wajen digiri 180. Idan aka cusa hoton digiri 90 cikin wannan taga, komai zai ƙanƙance, kwana ta yi kamar tana nesa, mai wasa ya makara wajen taka birki. Don haka wasu ke jera allo uku su kewaye kansu, wasu kuma su sa tabarau mai allo a ciki wanda ke bin juyin kai.

Jinkiri ma abin lura ne. Motar da ke gudun kilomita 180 a awa tana cin mita 50 a kowane sakan. Allon da ke sauya hoto sau 60 a sakan yana tsallake santimita 83 tsakanin hoto da hoto. Idan kuma talabijin ta ɓata kashi ɗaya cikin goma na sakan tana gyara hoto kafin ta nuna, to abin da mai wasa yake gani ya riga ya wuce da mita 5.

Kunnen da ba ya ruɗuwa da sauƙi

A can cikin kunne akwai wasu bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, waɗanda ke jin juyin kai, da wasu 'yan jakunkuna biyu masu ƙananan tsakuwoyi da ke jin karkata da ƙarin gudu. Idan ido ya ce ana tafiya, kunne ya ce ana zaune, wasu mutane sukan ji jiri da tashin zuciya. Wannan ya fi faruwa ga masu sa tabarau.

Don a lallashi kunne, akan ɗora mazaunin a kan ƙafafu masu tsawaita da gajarta. Mafi shahara shi ne mai ƙafa shida, wanda injiniya Eric Gough ya fara ƙerawa a Ingila cikin shekarun 1950 don gwajin tayoyi. Dabarar ita ce kunne ba ya iya bambanta karkata da ƙarin gudu. Idan aka kwantar da kujera baya a hankali, bayan mutum ya manne da ita, sai ya ji kamar mota ta ɗauki wuta. Amma lissafi ya sa iyaka. Karkatar digiri 30 tana ba da rabin nauyin jiki ne kawai, alhali direban Formula 1 yakan ji wajen ninki biyar na nauyinsa idan ya taka birki. Babu ɗakin da zai iya ba da wannan, domin sai an yi tafiyar gaske ake samunsa.

Daga ɗaki zuwa kwalta

A 2008 kamfanonin Nissan da Sony suka buɗe gasar GT Academy don gwada ko gwanin wasan Gran Turismo zai iya zama direban tsere. Wanda ya fara lashewa, Lucas Ordóñez, ɗalibi ne ɗan ƙasar Sifen, kuma a 2011 ya zo na biyu a rukuninsa a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa. A shekarar ce Jann Mardenborough, matashi ɗan shekara 19 daga Cardiff ta Birtaniya, ya doke mutum 90,000 ya lashe gasar. A 2013 shi da Ordóñez da Michael Krumm suka zo na uku a rukuninsu a Le Mans. William Byron, wanda ya fara koyon tsere a iRacing, ya lashe Daytona 500 a 2024 da 2025. Shi kuwa Max Verstappen, zakaran Formula 1 daga 2021 zuwa 2024, a ƙarshen mako guda na watan Mayun 2024 ya taya ƙungiyarsa lashe tseren awa 24 na kwamfuta, ya kuma lashe tseren gaske na Imola a Italiya.

Sai dai waɗanda suka lashe GT Academy ba daga ɗaki aka miƙa musu makulli ba. Sai da suka yi watanni ana horar da su a motocin gaske, suna motsa jiki, suna shiga ƙananan gasa har suka sami lasin. Kwamfuta ta koya musu layin da ake bi a kwana, da wurin taka birki, da karanta sitiyari. Ba ta koya musu zafi da gajiyar wuya da tsoro ba. A watan Maris na 2015, a filin Nürburgring na Jamus, iska ta shiga ƙarƙashin motar Mardenborough a kan wani tudu, ta ɗaga ta ta tsallake shinge, ɗan kallo ɗaya ya rasu. A wasa akwai maɓallin sake farawa, a kwalta babu. Matashin da ya ƙware a allo ya riƙe wannan, ya kuma sani cewa titin gari, mai masu tafiya a ƙafa da babura da dabbobi, wata makaranta ce dabam da ke da nata malamai da nata jarrabawa.

Abin gwadawa a aji

Malami ba ya bukatar sayen ko ɗaya daga cikin waɗannan kaya kafin ya koyar da abin da ke cikinsu. A kifar da keke, a rataya dutsen kilo ɗaya a bakin taya, sannan a matso da shi tsakiyar waya, ɗalibai su ji yadda ƙarfin murɗawa ke raguwa, su kuma lissafa shi. A jingina sikelin awon mutum da bango, ɗalibi ya zauna ya rufe ido ya danna kilo 20 da ƙafa sau goma, abokinsa yana rubutawa. Sannan ya gwada tura ɗan akwati santimita 5 daidai sau goma, a kwatanta wanne ya fi daidaito. A auna faɗin tagar aji daga kujeru dabam-dabam, a fitar da kusurwar da kowane ɗalibi ke gani. Wanda ya yi waɗannan gwaje-gwaje uku zai iya bayyana da bakinsa abin da mazaunin Hamlin ya fi teburin Hill da shi, da kuma dalilin da ya sa duk da haka Hill ya riga kowa isa.